Ƙuda Ɗari, Babu Wanda Ya Mutu

Coihueco, 8 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Yasna,

Ni da Yaya Ercilia muna gaishe ki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki. Mu nan da sauƙi. Gwiwar Yaya tana sanar da ita ruwan sama kwana biyu kafin ya sauka, ni kuma kunnena yana nan yadda injin buga jarida ya bar min shi. Shi ya sa na rubuto maimakon in kira ki a waya.

In kin manta ni, ban ga laifinki ba. Ni ne Nibaldo Riquelme. Kakarki Rosalba da mahaifiyarmu 'ya'yan wa da ƙane ne, rabona da ke kuwa tun jana'izarta, shekara goma sha ɗaya ke nan. Na ga sunanki ne a ƙasan wata takarda da aka raba mana a ƙungiyar manoma, kan ƙudan nan mai ɗigo a fiffike. An buga shi da ƙananan baƙaƙe, inda ba mai dubawa sai irina da ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran kurakurai a wata jarida a Chillán. Akwai waƙafin da ya ɓace a shafi na biyu, amma ba shi ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni shi ne gonar frambuesa, ƙananan jajayen 'ya'yan itacen nan masu laushi, da muke ci da ita ni da Yaya. Rabin kadada ce, layi talatin da takwas. Ƙudan ya shigo mana shekara huɗu da suka wuce, kuma ba sai na bayyana miki halinsa ba: macen ta huda ɗan itace lafiyayye yana kan reshe, ta sa ƙwai, bayan kwana uku ya koma ruwa da tsutsa. Shekara uku ina fesa magani iri ɗaya yana yi min aiki. Bana na fesa sau biyar. Ranar Alhamis mai sayen kayanmu ya ɗebi kaɗan daga akwatunana, ya zuba a ruwan gishiri a gaban jama'a, tsutsotsi suka taso kamar shinkafa. Ya mayar min da kayana.

A wurin ne Don Aliro Fuentealba, shugaban ƙungiyarmu, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, ya ce min:

"Maƙwabci, ƙudajenka sun sauke karatu. Shekara uku kana biya musu darasi ɗaya, yanzu sun haddace."

Aka yi dariya, ni ma na yi daga baya, da aka maimaita min. Amma ba wasa yake yi ba. Ya ji a wani taro cewa a wata ƙasa ƙudan ya daina jin magani. A ganinsa a gonata aka ƙyanƙyashe irinsa a nan, daga ita kuma zai bazu cikin gonaki goma sha tara. Na ce ba shi da hujja. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. An sa taro ranar Asabar, 9 ga Maris, ni kuma na yi alkawari a gaban mutane: in ta tabbata ƙudan gonata ba ya jin magani, ni da kaina zan sa a tumɓuke ta a kifar da ƙasar.

Yaya ta ce bakina ya fi kunnena lalacewa.

Ga wata kwalba nan tare da wasiƙar. Ƙudajen da tarkon ruwan khal ya kama min ne a makon nan, sun fi ɗari biyu. Ki duba su ki faɗa min gaskiya, kowace iri ce. Lambar wayar Yaya tana bayan takardar, sai dai ba ta ɗauka sai ta ga dama.

Kawunki,
Nibaldo

Valdivia, 13 ga Janairu

Kawu Nibaldo,

Na ji daɗin ganin rubutunka. Ina lafiya, Mama ma jininta ya sauka tun da ta rage gishiri, tana gaishe ku kai da Inna Ercilia. Ban manta ka ba. Kai ne ka zaro biro a ƙofar coci ka gyara sunan Kaka a sanarwar jana'izarta.

Kwalbar ta iso, amma gawa ka aiko min, Kawu. Aikina shi ne in ga ko magani zai kashe su, ruwan khal kuma ya riga ni. Duk da haka na ƙirga: ɗari biyu da goma sha huɗu ne, ɗari da sittin da ɗaya namu ne masu ɗigo da matansu, sauran ƙudan ruɓaɓɓen kayan marmari ne da ke kowane kicin, ba ruwansu da laifin.

Masu rai nake so, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka aiko su tun suna tsutsa. Ka tsinko frambuesa kamar kilo biyu, waɗanda suka yi laushi amma suna kan reshe, ban da na ƙasa. Ka bi gonar duka, tsakiya da gefe. Ka shimfiɗa takarda a ƙasan akwati don ta sha ruwan, ka huda murfin, ka rufe hudojin da ƙyalle mai ƙananan ido, ka ba bas ɗin safe.

Ga abin da zan yi da su, don ka san dalilin jiran. In sun fito sun zama ƙudaje, zan bar su su haihu, 'ya'yansu zan gwada, don su zama sa'annin juna kuma ƙoshinsu ɗaya. Muna da ƙananan kwalabe da ake shafa wa magani a ciki, gwargwadon da aka san yana kashe ƙudan da bai saba da shi ba. Wasu kwalaben kuma ba a shafa musu komai. A zuba matan ƙudan a ciki, a jira, a ƙirga. Zai kai mako huɗu zuwa biyar. Za mu riga taronku.

Ina da tambayoyi uku. Da ƙarfe nawa kake feshi? Da wane ruwa kake haɗa maganin, kuma yaushe kake haɗawa? Ka ɗuro min kaɗan a kwalba mai tsabta. Me ke tsirowa a iyakar gonar?

Sannan roƙo ɗaya: kada ka ƙara yawan maganin fiye da ƙa'idarsa, ko wa ya ba ka shawara. In ƙudan ya daina jin sa, ƙari ba zai taimaka ba. In bai daina ba, ka sa wa 'ya'yan itacen guba a banza.

Abin da Don Aliro ya ji ba ƙarya ba ne, an gani a wasu wurare, shi ya sa ma muke bin gonaki muna wannan gwaji kowace shekara. Ko ya faru a gonarka, ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba don kai kawuna ne. Abin da kwalba ta ce shi zan faɗa maka.

Waƙafin na shafi na biyu na gan shi. Ba ni na rubuta shafin ba.

'Yarka,
Yasna

Coihueco, 21 ga Janairu

'Yata Yasna,

Muna lafiya, zafi ne kawai ya matsa. Ki gai da mahaifiyarki, ki ce mata Yaya ta ce gishiri ba ya kisa, baƙin ciki ne ke kisa.

Ga akwatin nan yadda kika ce. Sai da aka yi rigima kafin ya bar gidan. Yaya ta same ni ina zaɓen masu laushi, ta tsaya a kaina ta ce:

"Kai kurman nan, me kake yi?"

Na ce wa Yasna zan aika.

"Shekara goma sha ɗaya ba mu aika wa yarinyar nan ko ƙwai ɗaya ba, ran da za mu aika sai ruɓaɓɓe? Me uwarta za ta ce da mu?"

Na ce ke kika ce masu tsutsa kike so. Ta ce to karatun naku bai yi muku rana ba, daga ke har ni. Saboda haka za ki ga ƙunshi na biyu: kwalba biyu na jam ɗin mora, wato baƙaƙen 'ya'yan ƙayar nan da ake dafawa da sukari, da garin gasasshiyar alkama. Na roƙe ki kada ki haɗa su da kayan gwaji.

Amsoshinki, bi da bi.

Ina feshi da tsakar rana, wajen ƙarfe ɗaya, bayan masu tsinka sun tashi raɓa kuma ta bushe. Haka nake yi tun farko.

Maganin ina haɗa shi da sassafe kafin in shiga tsinka, in bar shi a tanki ya jira ni. Ruwan kuwa, da na magudanar ban-ruwa nake amfani da shi, amma bana ruwan ya ja baya, rabonmu ya koma sau ɗaya a mako, don haka tun Oktoba na koma sabuwar rijiyar da muka haƙa. Ruwa ne garau, sai dai yana barin fari a gindin butar shayi. Ga shi nan a kwalba.

A iyaka ta gabas, bakin magudana, akwai shingen mora da ya girme ni. Ya kai taku saba'in, ya fi tsayin mutum, cikinsa duhu da sanyi. Daga shi Yaya ke yin jam ɗin da ke hannunki. Na karanta a takardarku cewa ƙudan na fakewa a irinsa, na kuma karanta mata. Ta ce duk wanda ya taɓa shingen, ya nemi mai dafa masa abinci.

Don Aliro yana gaishe ni ta kan wayar iyakarmu kullum safe, cikin mutunci, amma ya sa an janye akwatunansa daga gefen iyakarmu. Doña Fresia, wadda ke taya mu tsinka tun shekara tara, ta ce mijinta ya hana ta shiga gonarmu da takalman da take shiga tasu. Na ce mata ƙuda ba a ƙafa yake tafiya ba. Ta ce ta sani, amma ba da ƙuda take aure ba.

Ina jira. Na saba jiran shafin ƙarshe.

Kawunki,
Nibaldo

Valdivia, 21 ga Fabrairu

Kawu,

Lafiya lau nake, da fatan ku ma haka. Jam ɗin ya ƙare, abokan aikina sun taya ni.

A tsaye nake rubuta wannan, mota na jirana. Za mu tsibiran kudu ɗibar samfuri, mako biyu, kuma waya ba ta kamawa a can.

An gama gwajin jiya. Babban abin da nake fargaba ya wuce: shaida ta tsaya daram, ƙuda ɗari babu wanda ya mutu, don haka sakamakon abin dogaro ne, ba mai ja da shi. Cikakken lissafin ba ni da izinin fitar da shi sai malamata ta duba ta sa hannu. Da na dawo zan aiko maka, kafin taron.

Ka kwantar da hankalinka.

Yasna

Coihueco, 26 ga Fabrairu

'Yata Yasna,

Jikinmu lafiya. Ina fatan teku ba ta wahalar da ke ba.

Gajeriyar takardarki ta zo ranar Juma'a. Na karanta ta sau uku, na karanta wa Yaya sau ɗaya. Na gode da ba ki yi min kwana-kwana ba. Na ce ki faɗa min gaskiya, kin faɗa: shaida ta tsaya, ƙuda ɗari babu wanda ya mutu, ba mai ja. Na yi shekaru ina ganin yadda ake ɓoye mummunan labari a sakin layi na tara. Ke kin sa shi a inda ya dace.

Yaya ta ce in jira ki dawo. Ta kira lambarki sau huɗu, ba ta shiga. Na ce mata lissafin da za ki aiko ba zai tayar da komai ba, ɗari ɗari ce. Kuma kowace rana da na ƙara, ƙudajen nan suna haihuwa suna tsallaka wayar iyaka. Mutum goma sha tara ne ke ci da wannan abin, wasu da 'ya'ya a makaranta. In da gonar wani ce, na san abin da zan ce a taron.

Saboda haka yau da safe na je na sami Don Aliro na faɗa masa. Na zaci zai yi murna. Ya cire hularsa ya daɗe yana duba cikinta, sannan ya ce:

"Wallahi, maƙwabci, na so in zama ni ne maƙaryacin."

Mun shirya haka: za a sanar a taron ranar Asabar 9 ga wata, tarakta kuma za ta shiga ranar Litinin 11. Kafin nan, don hankalinsa ya kwanta, na kwance wayar da rassa ke hawa daga layi ukun da ke jikin iyakarsa, na sare su har ƙasa, na ƙone rassan. Cike suke da 'ya'ya na biyu, sun fara ja. Sauran layukan muna tsinke su kullum, ba na sayarwa, muna dafawa ko mu binne.

Yaya ba ta yi min magana ba tun ranar Asabar. Tana ajiye min abinci a kan tebur, ta ɗauki nata ta fita gindin inabi. Jiya na gan ta tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya tana ɗaure rassan da suka sauka, kamar akwai wata shekarar. Ita ta ɗauko dashen farko a kan keke daga garin Pinto, shekara goma sha shida da suka wuce, lokacin ni ina Chillán ina farautar waƙafi. Ban san abin da za ta yi da safiyarta ba in babu gonar. Wannan ne ban lissafa ba ran da na yi alkawari.

An ce wake na yi a irin ƙasarmu. In kin san wani abu game da wake, ki rubuto.

Kin ce in kwantar da hankalina. Ina ƙoƙari.

Kawunki,
Nibaldo

Valdivia, 7 ga Maris

Kawu Nibaldo,

Na dawo lafiya yau da hantsi, na tarar da wasiƙarka, ban ko ajiye jaka ba na kira Inna Ercilia. Ta ɗauka a bugu na farko. Na san ta faɗa maka, na kuma san ka ce ba ka yarda da maganar waya ba sai ka gani a rubuce, domin ina jin muryarka daga inda nake. To, ga shi a rubuce:

Ƙudan gonarka yana jin magani. Kada tarakta ta taɓa layi ko ɗaya.

Laifin nawa ne, Kawu. Ka tuna na ce wasu kwalabe ba a shafa musu komai? Su muke kira shaida. Haka kowa ke ce musu a wannan aiki, har na manta kalmar tana da wata ma'ana a wajen ɗakin gwaji. Ƙudajen cikinsu ba a ba su magani, aikinsu kawai su rayu. In sun mutu, to wani abu ne daban ke kisa, zafi ko yunwa ko datti, kuma ba yadda za a yi a ce magani ne ya kashe na sauran kwalaben. Sai a zubar da gwajin duka. Sau biyu hakan ta faru da mu a Janairu, da na'urar sanyaya ɗaki ta lalace. Ƙudajenka kuwa na gwaji ɗaya tak suka isa. Shi ya sa da na ga shaida ta rayu gaba ɗaya, murna ta sa na rubuta maka rabin da ya dame ni, na bar rabin da ya dame ka.

Ga ɗaya rabin, da sa hannun malamata a takardar da ke haɗe. A kwalabe masu magani an sa matan ƙuda ɗari biyu. Ɗari da casa'in da bakwai sun mutu cikin lokacin da aka ƙayyade. Ƙudajen da muke kiwo a nan, waɗanda ko kakanninsu ba su taɓa shaƙar magani ba, kusan haka suke mutuwa.

To me ya sa feshinka bai yi aiki ba? Amsar tana cikin wasiƙarka ta 21 ga Janairu. Na auna ruwan rijiyar, ya karkata wajen kanwa, irin ruwan da ke dakushe kaifin wannan maganin, balle in an haɗa da safe an bar shi awa shida a tanki cikin rana. Akwai abin da ake ɗigawa a ruwan ya daidaita, na rubuta sunansa a bayan takardar. Ka haɗa, ka fesa nan take. Na biyu, ƙudan nan ba ya son zafi. Da ƙarfe ɗaya na rana yana can ƙarƙashin ganye ko cikin sanyin shingen mora, sai da sassafe da yamma yake fitowa. Na uku shingen ne da kansa. Ko ka kashe na gona duka, washegari wasu za su fito daga ciki. Wannan kai za ka faɗa wa Inna, ni ba zan iya ba, na ci jam ɗinta.

Kada ka ɗauka an gama. Wannan amsar bana ce. Guda ukun da suka rayu ba su isa tayar da hankali ba, amma daga irinsu abin ke farawa, kuma Don Aliro yana da gaskiya a abu ɗaya: darasi ɗaya shekara uku ya yi yawa. Ka riƙa sauya dangin magani. Kowace Janairu kuma ka aiko min akwati.

Layi ukun da ka sare suna damuna ƙwarai. Amma ka ce sarewa ka yi, ba tonewa ba. Saiwar tana nan. Za su tofo in sanyi ya wuce.

Ka yafe min.

'Yarka,
Yasna

Coihueco, 14 ga Maris

'Yata Yasna,

Muna lafiya ƙalau. Yaya ta dawo cin abinci a tebur, ta kuma dawo yi min magana, har na fara tunawa da kwanakin shirun da alheri.

Babu abin yafewa, ko kuma a raba shi biyu. Na koma wasiƙarki ta 13 ga Janairu, na ga kin ambaci kwalaben da ba a shafa wa komai, ba ki dai faɗi sunansu ba. Wannan rabonki ne. Nawa ya fi girma. Abu na farko da aka koya min a jarida shi ne, in kalma ta yi maka kama da wadda ka sani, ka tambayi wanda ya rubuta ta. Na koya wa mutum ya fi ashirin wannan. Ban tambaya ba, don tun Janairu na riga na yanke wa kaina hukunci, shaida kawai nake jira.

Takardarki ta iso ranar Juma'a da yamma. Ranar Asabar aka cika a ɗakin taro, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba, don ba kullum ake ganin mutum ya yanka gonarsa ba. Na miƙe na karanta musu abin da na rubuta, irin yadda muke sa shi a ƙasan shafi na biyu:

"Gyara. A maganar da na yi wa Don Aliro ranar 26 ga Fabrairu, inda aka ce ƙudan ba ya mutuwa, a karanta yana mutuwa. Kuskuren na mai karatu ne."

Sannan na karanta wasiƙarki duka, ban da maganar jam. Don Aliro ya karɓi takardar malamarki, ya nisanta ta da idonsa, ya kusanto da ita, ya ce:

"Ashe ƙudajen ba su sauke ba. Malamin ne ya faɗi jarrabawa."

Wannan karon na ji da kunnena, don da ƙarfi ya faɗa. Da dariya ta lafa, Doña Fresia ta ɗaga hannu ta ce:

"Don Aliro, kai da ƙarfe nawa kake feshi?"

Ya ce ba shi ake tuhuma ba.

"Da ƙarfe ɗaya," in ji ta. "Ina ganinka in na fito shanya. Kuma rijiyarka taku nawa ce daga tasu?"

Aka bi ɗakin ana tambaya. Cikin goma sha tara, goma sha ɗaya da rana tsaka suke feshi, shida sun koma ruwan rijiya bana. Kowa na da tsutsa a akwatinsa, tawa ce kawai aka zuba a ruwan gishiri a gaban jama'a. An tsayar cewa kowa zai auna ruwansa, kuma in Janairu ta zo ba akwati ɗaya za ki gani ba. Ki gaya wa malamarki ta tanadi kwalabe. Na koya musu yadda ake huda murfi.

Ranar Lahadi bayan coci na tarar da Don Aliro a layi ukun nan da naɗin sabuwar waya a kafaɗa. Na kama masa ɗaya bakin. Muka ɗaura ta tare a kan turakun layukan, don rassan su tarar da ita in sun tofo.

Saura tarakta. An riga an kira ta, mai ita kuma ya ce ba zai ƙona mai ya koma haka nan ba. Na faɗa wa Yaya maganar shingen ranar Lahadi da rana, ina tsaye kusa da ƙofa. Ta dube ni ta ce:

"Gona ko shinge?"

Na ce haka lissafin yake.

"To me kake tsaye kana yi min fuskar jana'iza? A cire."

Ranar Litinin aka cire taku saba'in ɗin, ita ce ma ke nuna wa direba inda zai sa haƙori. Sai da aka zo kan tushe na ƙarshe, wanda ke bayan kicin, ta shiga gaban tarakta ta tsaya da sandarta. Direba ya kashe inji ya dube ni. Na ce, Yaya, Yasna ta ce shingen duka. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon labulen mahaifiyarmu, mai idon da ko sauro ba ya ratsawa, ta lulluɓe tushen har ƙasa, ta danne gefen da duwatsu. Ta ce za ta riƙa tsinke shi kullum, ko ɗaya ba zai faɗi ba.

Ina so ki faɗa min a rubuce, da kalmomin da ba su da ma'ana biyu, ko wannan ya halatta. Ni dai na gwada nawa. Na ce mata tushe ɗaya ma maɓoya ce. Ta gyara zaman dutse na ƙarshe, ta miƙe ta ce:

"Kai da ka yi karatu ba ka sani ba? Wannan shaida ce. Ba a ba ta magani, ba a taɓa ta. Aikinta kawai ta rayu."

Ki gai da mahaifiyarki. Ki zo a Disamba, ki ci masu kyau.

Kawunki,
Nibaldo